Kafin a Kira Kafinta

A Ingila da Amurka, inda ake daɓe ɗaki da katako, ƙaramin karce ba ya sa a kankare ɗaki duka. Dabararsu za ta yi wa teburinmu na maɗaci aiki.

Ku ɗiga ruwa a kan karcen. In ya tsaya dunƙule, man sheƙin sama kaɗai ya ji rauni: ku murza kakin zuma, ku bi tsawon jijiyar katakon, ku goge da tsumma mai laushi. In katakon ya sha ruwan ya yi duhu, rauni ya shiga ciki, sai a cike shi da kaki mai launin katakon.

Lotsawa kuwa, tsumma mai laima da dutsen guga mai zafi kan tashe ta. Yana min ciwo in ga an kankare katako mai shekaru saboda layi ɗaya.