Jawabi: Ɗan'uwan da Ba Ya Ji, Ba Ya Gani



A majami'unmu makaho yakan ji wa'azi, kurma kuma yakan ga hannun mai fassara. To, wanda yake kurma kuma makaho fa? Yakan zauna kan benci har a tashi sujada, bai san abin da aka yi ba. Ƙofar da ta rage masa ita ce tafin hannunsa.

Ta wannan ƙofa Anne Sullivan ta koyar da Helen Keller a Amurka a 1887, tana rubuta mata haruffa a hannu. Daga baya aka ƙera Tellatouch, ɗan akwati mai maɓallai irin na tafireta. In ka danna harafi, sai ɗigogin rubutun makafi su taso ƙarƙashin yatsar ɗan'uwan. Ba ya bukatar lantarki. A Balin ta Jamus kuma, wajen 2012, an ƙera safar hannu mai haɗuwa da wayar salula, tana mai da saƙo ya zama ɗan motsi a bayan hannu.

Roƙonmu ga matasanmu masu karatun injiniya shi ne: ku ƙera abu mara nauyi, mai araha, mai jure ƙura, wanda za a iya gyarawa a kasuwa. Kafin ku fara, ku tambayi masu bukatarsa.

Amma na'ura ba ta zama kusa da mutum. Yesu da kansa ya taɓa kunnen kurma da idon makaho. Wa zai zauna kusa da ɗan'uwanmu ran Lahadi?

Ubangiji ya taimake mu. Amin.