Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Masu Zanen Gini, Unguwar Koki

Ku 'ya'yana da ake yayewa yau, barkanku da arziki.

Shugaban taro, ranka ya daɗe, a cikin ganuwar nan ba a rasa magina ba tun zamanin Sarki Rumfa. Maginin da ya gaji sana'ar, a kansa taswirarsa take. Ya san inda azara za ta hau, ya san kaurin da katanga ke bukata kafin a yi ɗaurin guga, kuma yana tsaye a wurin har a yi yaɓe. Idan yaro ya kuskure, nan take zai gani. Ku ba haka aikinku yake ba. Bene mai hawa huɗu zai ci shafuka da dama: na harsashi daban, na fila daban, na bim da dakin daban, ga jadawalin lanƙwasa rodi. Kuna ofis, mai ɗaurin rodi yana rana, wataƙila har a gama ginin bai san fuskarku ba. Takardar ce bakinku.

To me ke haɗa shafukan? 'Yar da'irar nan da aka raba biyu, lambar bayani a sama, lambar shafi a ƙasa. Idan ta ce a duba bayani na 3 a shafi na 12, wajibi ne a tarar da shi can, kuma ya zama na wannan bim ɗin ne da ke kan layin C. Amma ga yadda abin ke lalacewa. Mai gida ya zo ya ce a ƙara faɗin falo. Injiniya ya mayar da rodi daga milimita 12 zuwa 16. Ka gyara shafin bim, aka kira sallah, ka manta jadawali. Da jadawalin nan za a je kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo rodi, a yanka, a ɗaure, a zuba kankare. Kankare kuwa idan ya bushe ya rufe asirin kowa, sai ranar da nauyi ya tona.

Kada ku ɗauka a nan kaɗai ake yi. Ranar 17 ga Yuli 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka, gadoji biyu na cikin zaure suka rufto, mutum 114 suka rasu. Zanen farko ya ce sandar ƙarfe ɗaya ta ratso daga rufi ta riƙe gadojin biyu. A zanen masu haɗa ƙarfe aka mayar da ita biyu, aka rataya gadar ƙasa a jikin ta sama, nauyin da ke kan mahaɗar ya ninka. An buga wa zanen hatimi ya wuce ba tare da an sake lissafi ba. Injiniyoyin sun rasa lasisinsu.

Don haka duk gyaran da kuka yi, ku kewaye shi, ku ba shi lamba da kwanan wata, ku bi sawunsa shafi-shafi har jadawali. Awo kuma a rubuta shi wuri ɗaya, sauran shafuka su nuna can. Wanda aka rubuta sau uku, wata rana sai ya zama awo uku. Na san za ku ce shirin kwamfuta na Revit yana sabunta lambobi da kansa. Gaskiya ne, amma ba ya shiga wayar ɗan kwangila ya goge tsohon zanen da kuka tura masa ta WhatsApp. Wannan sai kun taka da ƙafarku, kun karɓo tsohuwar takarda, kun ba shi sabuwa. Amincewar hukumar tsara birane ta KNUPDA ma ba ta ɗauke muku wannan nauyin.

Ranka ya daɗe, idan ka yi izini, a fara kiran sunaye a miƙa takardun shaida.