ZUWA MAKARANTA DABAN, KOYO DABAN

(Matanin laccar da aka gabatar wa iyaye da malaman Islamiyya a Danchadi)

 

Ya ku malamai da iyaye, tambaya ɗaya nake so mu riƙe a wannan zama. Yaron da muke tashi kullum da safe mu tura makaranta, idan aka miƙa masa takarda mai layi huɗu, zai iya karantawa ya kuma faɗi abin da ta ƙunsa?

Masana harkar ilmi sun daɗe suna ƙidayar kawunan da suka shiga aji, har rahoton Bankin Duniya na 2018 ya fito fili ya ce zaman aji ba shi ne koyo ba. Wani rahoton na 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Da 'ya'yanmu aka yi wannan lissafi.

Babban dalilin da masanan suka gano shi ne, malami yana bin manhaja ne, ba ya duba yaro. Ana karanta littafin aji huɗu alhali da yawa cikin ajin ba su gama gane baƙaƙe ba. A ƙasar Indiya, ƙungiyar Pratham ta riƙa gwada kowane yaro shi kaɗai, sannan ta raba su gwargwadon karatunsu ba shekarunsu ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel a 1919 da ɗari, wato 2019, sun bi diddigin wannan hanya suka tarar tana aiki ƙwarai.

To, wannan baƙon abu ne a wurinmu? Malamin allo bai taɓa tura yaro farfaru ba kafin ya san babbaƙu. Kowane almajiri da allonsa, kuma ba ya wankewa sai ya kiyaye karatunsa. Mu ne da muka gina azuzuwa muka jera bencina, muka ɗauko tsarin boko har da ciwonsa, muka bar wannan hikima a bakin ƙofa. Gyaran da muka kawo na koyar da ma'ana da tarbiyya gaskiya ne, amma wannan asara ce da ya kamata mu mayar.

Sai batun harshe. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara 6, kuma Turancinsu bai gaza na sauran ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a yi firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ta soke. A ganina an yanke wa tsarin hukunci tun ba a wadata shi da littattafai da horarrun malamai ba.

Mu mutanen ƙasar Bodinga muna da hujja a gida. Ga Sifawa nan kusa, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Bodinga. Sun rubuta wa malamai da Larabci, amma da Fulatanci da Hausa aka isar wa talakawa addini. Nana Asma'u ta tura jajoji ƙauyuka da karatu cikin harshen da mata ke ji. Ko Alhaji Shehu Shagari, lokacin yana malamin makaranta, da Hausa ya tsara wa ɗalibai labarin ƙasa a Waƙar Nijeriya.

Don haka ina roƙon shugabannin makarantunmu, kafin zango mai zuwa a zaunar da kowane ɗalibi shi kaɗai a saurari karatunsa. A ware awa ɗaya kullum a haɗa masu baƙi wuri ɗaya, masu haɗa kalma wuri ɗaya, masu karanta labari wuri ɗaya. Iyaye kuwa, kada uba ya ji haushi idan aka mayar da ɗansa rukunin baya, kuma yau bayan sallar Isha ya sa shi ya karanta masa layi huɗu.