BIRKIN ABS A TSOHUWAR MOTA: JAWABI GA DIREBOBI DA MAKANIKAI NA JALINGO



Duk wanda ya taɓa gangarowa daga tsaunin Mambila, daga Gembu zuwa Mayo Selbe, ya san ran direba da na fasinja a kan birki suke. Yawancin motocin da ke bin wannan hanya, da ta Wukari, da ta Numan, tsofaffi ne 'yan Kwatano, kuma da dama suna da na'urar ABS. Kamfanin Bosch da na Mercedes-Benz sun fito da irin tasu a shekarar 1978. Aikinta shi ne hana taya ta cije idan an taka birki da ƙarfi, domin sitiyari ya ci gaba da juyuwa.

Da fari, a san bambancin alamu. Idan kun taka birki ba shiri, kuka ji feda tana karkarwa, wannan lafiya ce, kada ku ɗaga ƙafa. Idan fitila mai ruwan ɗorawa ta kama ta ƙi mutuwa, watau na'urar ta daina aiki, amma birki na ainihi yana nan. In kuwa jar fitila ce, ko feda ta yi laushi tana nutsewa, to, a tsaya nan take.

Sa'an nan a bi bincike daki-daki. A duba man birki ko ya ragu ko ya yi baƙi. A duba tiyo da bututu da bayan kowace taya ko akwai yoyo. A duba fis, a kuma share laka daga 'yan na'urorin da ke auna gudun taya. Bayan haka a fitar da iska. Wani lokaci iska kan maƙale cikin famfon ABS, ba ta fita sai an haɗa motar da kwamfuta. Kada a yi gaggawar sauya famfo mai tsada tun ba a gama waɗannan ba.

Lalle ne a lura da cewa man birki yana shan raɓa. Sabon mai na DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. A doguwar gangara zafi kan yi yawa, mai ya tafasa, birki ya ɓace. Saboda haka a sauya shi duk shekara biyu, a kuma sauko da ƙaramar giya. Kada a zuba man inji ko ruwan sabulu, kada kuma a sa DOT 5, gama ba ya dacewa da ABS.

Daga ƙarshe, ina roƙon makanikai su daina cire ƙwan fitila don mai mota ya zaci an gyara. Yin haka cin amana ne, kuma rayukan bayin Allah ne a ciki.

Allah ya kai mu gida lafiya.