Sauya Kwantak da Na'urar Lantarki a Tsofaffin Ƙananan Injina



Duk wanda ya taɓa fama da tsohon injin ban ruwa ko na markaɗe ya san inda wahalar take: a ja igiya har kafaɗa ta gaji, fulogi bai kawo wuta ba. Sau da yawa laifin na kwantak ne, wato bakunan ƙarfe biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don kwayil ya harba wuta. Tsari ne tsoho, wanda Charles Kettering ya yaɗa a motocin Cadillac tun wajen 1912. Bakunan suna ƙonewa, suna tsatsa da damina, tazararsu tana gocewa daga rabin milimitar da kamfanin Briggs & Stratton ya ƙayyade. A yawancin tsofaffin injinan wannan kamfani kwantak ɗin yana ƙarƙashin faifan maganaɗisu, sai an cire faifan kafin a kai gare shi, kuma mai yakan tsiyayo ta ramin ɗan sandan da ke tura shi ya jiƙe bakunan.

A 1982 kamfanin ya fito da kwayil mai suna Magnetron, inda tiransista ya karɓi aikin kwantak da kwandansa duka. Babu abin da ke gogar wani, don haka babu abin da zai cinye. Yawancin injinansa na alminiyom da aka ƙera daga 1963 suna karɓar sabon kwayil ɗin, kuma lambobi biyu na farkon lambar "Code" da ke jikin injin su ne shekarar ƙera shi. Ana yanke wayar tsohon kwantak, a ɗaura sabon, a bar tazarar kusan milimita 0.3 tsakaninsa da faifan. Wasu da guntun kati suke aunawa, kuma yana yi. In an cire kwantak ɗin ɗungurungum, tilas a toshe ramin nan, in ba haka ba mai zai riƙa zuba.

Ra'ayina shi ne sauyin ya cancanci kuɗinsa, amma ba ya warkar da kowace cuta. In ɗan makullin da ke riƙe faifan ya ɗan tsage, lokacin wuta ya goce, sabon kwayil ba zai gyara shi ba. Haka in wayar kashe inji ta goge tana taɓa jiki. Sannan na lantarkin yana son a ja igiya da kuzari. Jan sanyi-sanyi ba ya tayar da shi.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Manomin da kwantak ɗinsa ya ƙi a tsakiyar fadama zai goge shi da sanfefa ya ƙarasa ban ruwan ranar. Na lantarki kuwa in ya mutu, ya mutu, sai sabo. Don haka wanda gonarsa ke nesa da kasuwar kayan gyara, ko dai ya ajiye kwayil na biyu, ko ya bar tsohon kwantak ɗin a mazauninsa ya adana tsohon kwayil.