Kafin Ka Buɗe Wa Wani Cikinka Ta Salula

 

Akwai wanda ke zaune cikinmu yanzu, yana dariya da abokai, amma ya yi wata biyu barci bai ɗauke shi yadda ya kamata ba. Kunya ta hana shi gaya ma kowa, to da dare sai ya ɗauki salula yana neman mai saurarensa. Da shi nike magana yau, kai kuma ka saurara don wata rana ƙaninka ne.

Da farko, ciwon damuwa ba raunin imani ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Kuma malaminmu Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya nuna cewa rai na ciwo kamar jiki, kuma ana yi mai magani. Ka yi addu'a, ka nemi magani, babu wanda ke korar wani.

Matsalarmu nan Dakoro ita ce nisa. Zuwa Maradi ya fi kilomita 100, Yamai kuwa, inda sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa yake, wanda ake ce ma Pavillon E, tafiya ce ta yini guda. Don haka ganin ƙwararre ta waya rahama ce. Sai dai a Facebook da TikTok kowa na iya sa farar riga ya kira kansa dokta.

Ka san waɗanda kake nema. Likitan ƙwaƙwalwa ya gama karatun likita sannan ya ƙware, shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam yana jiyya da magana, ba ya rubuta magani. Akwai kuma ma'aikatan jiyya da aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

To, ta ina za ka fara? Daga CSI na unguwarku ko asibitin gundumar Dakoro. Ka gaya ma ma'aikacin lafiya halin da kake ciki, ya duba ka, don wani lokaci ƙarancin jini ko wata cutar jiki ke kawo kasala da faɗuwar gaba. Shi zai nuna maka wanda ya sani a Maradi, in ya so ku ci gaba ta waya.

In kuwa a intanet ka samo mutumin, yi mai tambaya huɗu kafin ka faɗi sirrinka. Mene ne cikakken sunanka? Ina ka yi karatu? Wane asibiti kake aiki? In likita ne, kana da rajista a ƙungiyar likitoci, wato Ordre des Médecins? Sannan ka sa a tabbatar maka daga asibitin da ya ambata. Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya.

Ga waɗanda za ka guje ma: mai alkawarin warkewa cikin kwana bakwai, mai cewa turo kuɗi tun bai ji damuwarka ba, mai sayar maka da ƙwaya bai taɓa duba ka ba. Mun ga abin da tramol ya yi ma samarin garin ga. Ƴan mata, duk wanda ya nemi hotonki ko ya riƙa kira tsakar dare, toshe lambarsa, ki gaya ma wadda kika yarda da ita.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi. In zuciya ta fara raya maka ka kashe kanka, ko abokinka ya furta haka ko da wasa, wannan ya wuce aikin salula. Kada a bar shi shi kaɗai. A kama hannunsa zuwa asibiti a ranar, ba gobe ba.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya, ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, mu gayyato ma'aikacin lafiya ya zauna da mu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.