HAƘƘIN WANDA CUTA TA TSANANTA GARE SHI DA HAƘƘIN IYALANSA

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayarwa Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan jinyar wanda cuta ta kai shi tsakanin rai da mutuwa ne, da kuma haƙƙin iyalansa in ajali ya sauka.

Dattawanmu na Bichi da Dambatta da sauran ƙauyukan arewacin Kano ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Asibitin Zana da ke Kano ya cika maƙil. A can ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara 200, waɗanda 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musa, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan zargi yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Darasin a fili yake: duk inda aka yi jinya ba tare da an gamsar da iyali ba, amana ta tafi.

To, mene ne aikin sashen kulawa ta musamman, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano? A nan ake kwantar da wanda numfashinsa ko zuciyarsa ko ƙodarsa suka gaza. Ƙa'ida ita ce ma'aikacin jinya ɗaya ya tsaya kan mutum ɗaya ko biyu, dare da rana. Yana duba bugun zuciya da yawan fitsari, yana lura da na'urar taimakon numfashi, yana ciyar da shi ta robar hanci, yana juya shi kamar duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito. Ana taƙaita shigar dangi ne don kare maras lafiya daga ƙwayoyin cuta, ba don wulaƙanci ba.

Wannan aiki yana da asali a wurinmu. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu. Don haka mu bar 'ya'yanmu mata su koyi jinya da unguwarzoma, domin matanmu su sami masu duba su.

Ga ma'aikatan jinya muna cewa: ku ji tsoron Allah game da wanda ba ya iya magana. Ku rufe al'aurarsa, ku kira shi da sunansa ko da ya suma, domin mai yiwuwa yana ji. Manomin da ya sayar da sansa na noma, yake kwana a barandar asibiti, yana da haƙƙin a gaya masa halin da ɗansa yake ciki da Hausar da zai gane. In alamun ajali suka bayyana, a kira na kusa da shi ya laƙƙana masa kalmar shahada a hankali. In rai ya yi halinsa, a zaunar da iyali a keɓe a sanar da su cikin tausasawa, kada su ji labari a bakin masu wucewa. A kuma hanzarta sallamar gawa.

Mu kuma jama'ar gari, kada mu zauna da maras lafiya sai ya galabaita. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman da rani, sanƙarau ne ake zato, kuma yana iya kisa cikin yini guda. Neman magani ba ya kore tawakkali. In jinya ta faɗo cikin damina, a yi gayya a nome gonar mai jinya, a kuma tara masa gudummawa a masallaci tun kafin ya jinginar da ita.

Idan aka yi rasuwa, mu tuna cewa lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso daga Mu'uta, Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Yau mun juya lamarin: gidan da jinya ta cinye wa rumbu shi ke ciyar da masu ta'aziyya. Mu gyara. Kada kuma mu hana uwa zubar da hawaye, domin Annabi da kansa ya yi hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi.

Sannan bayan an naɗe tabarmi, a nan ne kaɗaici yake farawa. Mai takaba tana da wata 4 da kwana 10 a gabanta, ga marayu, ga bashin magani. Wa zai leƙa su? Mata su riƙa ziyartarta, maza su tsare gonar marayu da karatunsu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan mamatanmu, Ya saka wa masu jinya da alheri. Wassalamu alaikum warahmatullah.